Daga dala zuwa sefa: darasin farko na rubuta wa kwamfuta umarni

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗalibai. Wanda ya shiga shekarar farko a fannin kwamfuta, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, yakan zo da tsammanin za a zaunar da shi gaban na'ura tun ranar farko. Sai ya tarar da malam a gaban allo, ana darasin da ake kira algoritmik. Sunan ya samo asali ne daga Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Abin da ake koya a ciki shi ne jera matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, domin kwamfuta ba ta da "ai ka gane". Abin da ka rubuta mata, shi kaɗai take yi.

Mu tafi kasuwar Katako. Mai tumatir ta ce maka dala arba'in, kai ka san sefa 200 ke nan, ba ka ko tsaya tunani ba. To, faɗa wa na'ura yadda ka yi: karɓi adadin dala, ninka shi da 5, nuna sakamako. Mataki uku, ka rubuta shirinka na farko.

Amma ina adadin nan yake zama kafin a ninka shi? A cikin abin da malamai ke kira bariyabul. Ku ɗauke shi kamar ƙwarya mai suna a jiki, abu ɗaya take riƙewa, in ka zuba sabo tsohon ya tafi. A nan ne na fi so ku natsu, don a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Za ku ga an rubuta: jimla = jimla + maki. Wanda ya ƙware a lissafin lise zai ce wannan ba ya yiwuwa. A C da Python, harsuna biyu da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, alamar nan ta = ba daidaito take nufi ba, umarni ce: ɗauko abin da ke cikin ƙwaryar jimla, ƙara masa maki, mayar da shi cikin ƙwaryar. Daga dama ake karantawa, a zuba a hagu.

Sai sharaɗi: idan maki ya kai 10 bisa 20 rubuta "ya ci", in ba haka ba rubuta "ya faɗi". Sai maimaici: aji mai ɗalibi 60 ba sai ka rubuta layin sau 60 ba, ka ce a sake har a kai na ƙarshe. Ku dai kiyaye, waɗannan harsuna biyu daga 0 suke fara ƙirgar jeri, na ƙarshe shi ne 59.

Harshen C na Dennis Ritchie ya fito a 1972, Python na Guido van Rossum kuma a 1991. Ko wanne aka ba ku, ginshiƙan nan ne a ciki. Shi ya sa nake roƙon wanda bai da kwamfuta tukuna kada ya karaya. Ka ja layuka a takarda, kowace ƙwarya da gidanta, ka bi shirin da biro kana rubuta abin da ya canza. Ko wuta ta ɗauke kana iya yin wannan.

Amfaninsa kuwa babba ne. In ka manta waƙafi mai ɗigo a C, na'ura za ta ƙi aiki ta nuna maka wajen. Amma in ka rubuta "ƙara 5" maimakon "ninka da 5", shiru za ta yi, ta ce dala arba'in sefa 45 ne. Wannan kuskuren takardarka ce za ta kama shi.

Aikin gida: rubuta matakan da za su karɓi jika da dala su fitar da sefa. Gwada da jika 3 da dala 60. In ba ka samu 3300 ba, koma layi na farko da bironka.