Jawabin Maraba Ga Mai Girma Jagoran Tawagar Kula Da Muhallin Teku, A Madadin Masunta Da Maharban Ilulissat

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Ba sai mun faɗi ko kai wane ne ba, aikinka ya riga ka isowa. Babbar buƙatarmu ɗaya ce, kuma da ita za mu fara: a raba tekunmu da jiragen ruwa masu ƙona baƙin mai mai kauri.

Garin nan da ka taka ba ƙaramin gari ba ne a Girinlan. An kafa shi a 1741, amma kakanninmu sun riga wannan shekara da ɗaruruwan shekaru a bakin wannan gaɓa. Nan aka haifi Knud Rasmussen, shahararren mai binciken yankin Arktik, a 1879. A 2004 UNESCO ta sa mashigin ƙanƙararmu cikin wuraren tarihi na duniya, a 2008 kuma nan ƙasashe biyar suka zauna kan makomar tekun Arktik. Manya sun zo, sun ɗauki hoto, sun tafi.

Mu da muka zauna, ga abin da muke gani. Ka debi dusar ƙanƙara a hannu ka bari ta narke, sai ka ga baƙi-baƙi ya rage a tafinka. Kunkunniya ce, ta hayaƙin injin jirgi da ta gobarar dajin ƙasashe masu nisa, iska ta kawo mana. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama. Da zarar ta yi dauɗa sai ta riƙa shan zafi, ta narke tun lokacinta bai yi ba. Maharbin da ya saba ɗaure karnukansa ya bi kan ƙanƙarar teku, yanzu sai ya tsaya yana caka sanda yana gwada kaurinta. Yankinmu na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, alhali ba mu muka hura wutar ba.

An hana wannan mai a tekun Antaktika tun 2011. Namu hanin sai 1 ga Yuli 2024 ya fara aiki, shi ma da rangwamen da ya bar wasu jirage suna ƙonawa har 2029. Can babu gari ko ɗaya, nan kuwa akwai yara.

Ranka ya daɗe, kunkunniya ba ta wuce kwanaki ko 'yan makonni a sama. Idan aka daina yau, ba za a daɗe ba a ga bambanci. Don haka idan ka zauna a taron hukumar jiragen ruwa ta duniya a Landan, ka taimaka ka nemi a janye rangwamen nan. Muna kuma son na'urar auna hayaƙi a tashar jirginmu, amma in ɗaya za a ba mu, a ba mu na farkon.

Allah ya mai da kai gida lafiya.