Lacca: Lokacin da allura ta daina ci a jikin dabba

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu kiwo, mahauta, malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Duk mai kiwo a zauren nan ya san ƙorafin da ake kai wa likitan dabbobi yanzu: "Likita, magungunan nan sun zama jabu." Akwai jabu, ba a musu. Amma sau tari maganin lafiyarsa ƙalau, ƙwayar cutar ce ta canja.

Ku dubi abin da muke yi a gidajenmu. Kaji sun fara saukar da fiffike, kashinsu ya yi fari, sai Hajiya ta aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. A fasa guda biyu cikin ruwan kaji hamsin. Kwana biyu suka miƙe, shi ke nan an daina. To a hanjin kazar nan bakteriya miliyoyi ne. Ɗan maganin ya kashe raunana, masu taurin kai suka rage, fili ya zama nasu, suka hayayyafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne suna iya miƙa wa juna wannan taurin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Alexander Fleming, wanda ya gano maganin bakteriya na fenisilin a 1928, tun a 1945 ya yi kashedi kan ba da maganin da bai kai ƙima ba.

Akwai wani magani, colistin, da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun gaza. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano bakteriyar da ke bijire masa a jikin aladu, kafin a ankara an same ta a nahiyoyi da dama. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don su yi ƙiba.

Wani zai ce ina ruwan namun daji? Ai ba wanda ke yi wa balbela allura. Amma tana bin shanu, tana tsince a kashinsu, ta tashi da bakteriyar a jikinta ta sauka wani gari. Ɓera ya ci a akurki ya shiga madafi. Ruwan kwatocin birnin nan na Kano yana gangarawa rafin Jakara, da shi ake ban ruwan latas da alayyahon da muke saye. Taki kuma daga gidan kaji yake zuwa.

An ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya a 2019 saboda cututtukan bakteriya da suka ƙi jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi kowa jin jiki.

Alhazai mahauta, ga roƙona gare ku. A jikin kwalbar allura akan rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Idan an kawo muku sa da kumburin allura a wuya, ku tambayi mai shi yaushe aka yi masa. Masu kaji kuma, ƙwan da aka saka ana tsakiyar ba da magani kada ya shiga kiret. Na san asara ce, wallahi na sani. Cutar farin masassara ta kaji kuwa, ba bakteriya ke kawo ta ba, kafso ba ya taɓa ta, rigakafi ake yi.

La'asar ta matso. Malam, na ga hannunka tun ɗazu, bismillah.