Ruwan Teku Mara Oksijin Yana Ƙyalli Ne Da Gaske?

[Hoton jadawali mai layi biyu]

Ga jadawalin da ya rikita mutane. Jan layi iskar oksijin ce, tana yin ƙasa yayin da ake nutsawa cikin teku. Shuɗin layi ƙyallin ruwa ne, yana hawa. Sai aka yi ta yaɗa cewa in ruwan teku ya rasa oksijin, haske yake yi kamar fitila. Har da masu haɗawa da bidiyon bakin teku mai walƙiya da dare. Wancan aikin wasu ƙananan halittu ne masu rai, babu ruwansa da zancenmu.

[Jirgin bincike, ana jawo kwalabe daga ruwa]

A gurguje. Ɗebo ruwan teku, tace shi da matacin da raminsa bai kai maikiromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Abin da ya ratsa daga ragowar halittu, shi ake kira narkakken abu. Sinadarin kabon da ke cikinsa a tekunan duniya ya kai wajen tan biliyan 660. Wani kasonsa yana da launi: yana shanye shuɗin haske da na ultrabayolet (hasken da ido ba ya gani), shi ya sa in ya yi yawa ruwa ke komawa ɗorawa-ɗorawa.

[Ɗakin gwaji, an kashe wuta]

Kalli kwalbar nan. Duhu ƙirin. Sai an haska mata ultrabayolet take mayar da ɗan haske shuɗi, mai tsawon zango tsakanin nanomita 400 zuwa 500 (ma'aunin da ke nuna launin haske), kuma na'ura ce ke kama shi. Idonka zai sha wuya.

[Taswira: gaɓar Peru, Tekun Larabawa, gaɓar Namibiya]

To, a nan nake so a nutsu.

A waɗannan wurare saman teku cike yake da rai. Ƙananan tsirrai suna yaɗuwa, su mutu, su nutse. A zurfin mita 200 zuwa 1000 bakteriya na tare su suna ci. Ci kuwa sai da numfashi, don haka oksijin na raguwa, ga shi ruwan wurin ba ya saurin sabuntawa. Sannan bakteriyar ba ta cinye komai tas. Tana barin saura mai wuyar ruɓewa, kuma sauran nan ne ke ƙyalli a gaban na'ura.

Ka lura? Mai aikin ɗaya ne, sawunsa biyu. Ka shiga gidan biki da yamma, ka tarar ruwan randa ya yi ƙasa, kwanukan wanke-wanke sun taru. Wa zai ce ƙarancin ruwa ne ya ɓata kwanuka? Baƙi ne suka ci suka sha.

A 2008 wasu masana biyu 'yan Japan, Yamashita da Tanoue, suka nuna cewa a cikin Tekun Pasifik ƙyallin nan yana ƙaruwa daidai da yawan oksijin da aka shaƙe. Ni a ganina jadawalin ba shi da laifi ko kaɗan. Masu karanta shi ne suka yi gaggawa.

[Bahar Aswad, wato Baƙin Teku]

Mai shakka ya zo nan. Daga zurfin mita 150 zuwa 200 abin da ya yi ƙasa, oksijin ta ƙare ƙaƙaf. Jan layi ya kwanta a sifili, ba shi da inda za shi. Bakteriya kuwa ba ta daina ci ba, ta koma numfashi da salfet, wani sinadari da ke narke a ruwan teku, tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Allah Ya sa bidiyo ba ya ɗaukar wari. Shuɗin layi fa? Yana nan yana hawa.

[Hoton tauraron ɗan'adam]

Me ya sa ba a gani daga sama? Rana tana koɗar da abu mai ƙyallin nan a saman ruwa, kuma tauraron ɗan'adam ba ya hango abin da ya wuce 'yan gomomin mitoci. Tsanwan launin da kuke gani a gaɓar Namibiya kuwa ƙwayoyin farar wuta ne, bayan iskar nan mai wari ta taso ta haɗu da oksijin. Mai son auna ƙyallin zurfi dole ya zura na'ura da igiya, ko ya saki wadda ke nutso da kanta tana aiko da saƙo.