Kafin a Kai Dabba Asibiti: Laccar Likitan Dabbobi a Gadarif

An rubuto wannan daga muryar da aka naɗa a waya lokacin da wani likitan dabbobi, ɗan Hausawan Gadarif da ke ƙasar Sudan, ya yi wa mutanen unguwa jawabi a farfajiyar wata makarantar allo bayan sallar La'asar. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam liman, mai unguwa, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke can gefe, Allah ya saka muku da alheri da kuka bar ayyukanku kuka zo. Masu karo, wato amalanken jaki, na san yanzu ne lokacin ɗibar ruwanku, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Da wuya a kawo mana dabba asibiti ba a riga an yi mata wani abu a gida ba. An ɗura mata wani abu, ko an shafa, ko an fesa. Wani lokaci abin da aka yi ɗin shi ke cetonta, wani lokaci kuma ya fi ciwon asali ɓarna. To a kan wannan ɗan tsakanin nake so mu yi magana, daga sanda abu ya faru zuwa sanda kuka iso gare mu, domin a lokacin ba likita, hannunku ne kaɗai.

Zan fara da wanda ya fi tayar mini da hankali, ciwon haukan kare. Kowa a nan shaida ne kan yadda garin nan ya cika tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. 'Yan uwa sun zo daga Hartum, sai na Madani a Disambar wannan shekarar, sai na Sinja da kewayen Sinnar a tsakiyar 2024. Mutum ya yi yawa, bola ta yi yawa, karnukan da ba su da mai su suka sami abin ci. Yara kuma da dama a fili suke kwana, a fili suke wasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 99 cikin 100 daga kare suke samunsa. Huɗu cikin goma na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, cizon a fuska ko wuya ko hannu yake samunsa. Sannan yaro yana ɓoyewa, don ya san in ya faɗa za a ce me ya kai shi wajen kare, a haɗa masa da bulala. Iyayena, ina roƙonku don Allah, yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi ko kyanwa ta yakushe shi, kada a doke shi. In aka doke shi yau, gobe ƙaninsa ba zai faɗa ba.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. In ta shiga ta rauni, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya kawai, wani lokaci har shekara. Nan ne ake ruɗuwa: rauni ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi, ya ga ruwa a kofi maƙogwaronsa ya shaƙe. In an kai nan, sai dai addu'a. Amma kafin a kai nan, ana iya tare ta sarai.

Abu na farko wanki ne. A zaunar da yaron, mutum ɗaya ya riƙe buta yana zubawa, ɗaya yana cuɗa raunin da sabulu. Ko sabulun wanki ne ya wadatar. Minti 15, a duba agogon waya, domin minti 15 da yaro yana kuka yana fizgewa ba ƙaramin lokaci ba ne, mutum zai ɗauka ya cika alhali ko biyar ba a yi ba. Na san a Gadarif ruwa da kuɗi ake sayensa, na san darajar jarka guda. A ƙarar da ita a kan raunin nan. Bayan haka in akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono, kada a sa toka, kada a ƙona gashin karen a barbaɗa, kada a yi lalas, kada a ɗaure tamau. Daga nan sai asibitin mutane, a ranar.

Dattawa da yawa suna tuna allurar da, wadda ake jerawa a kewayen cibiya kwana da kwanaki, shi ya sa suke gudu. An daina waccan. Ta yanzu a dantse ake yi: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, in da saura asibiti za su faɗa. Mai ciki tana karɓa, jariri yana karɓa. In raunin mai zurfi ne ko a fuska yake, akwai wani magani daban da ake tsirawa a cikin raunin kansa. In kun je aka ce ta ƙare, ku tambayi inda take, kada ku koma gida ku zauna. Wanda kuma aka ciza tun makon jiya bai je ba, ya tashi ya je, bai makara ba muddin alamu ba su fito ba.

Shi karen fa? In an san mai shi, a ɗaure shi kwana 10, a ba shi ci da sha, a sa masa ido. In ya cika kwana goman lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma allura ba ta jiran kwana goman nan, farawa ake yi. In kuwa kare ne da ke bin mutane da dabbobi yana cizo har aka kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, a kira mu.

Akwai wani nau'in da mutane ba su sani ba, kuma shi ya fi cin masu tausayi. Ba kowane mahaukacin kare ke haushi da cizo ba. Wani shiru zai yi, ya raɓe a lungu, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki a buɗe, yawu na dalala. Mai shi ya duba ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya naɗe hannun riga ya zura yatsu har maƙogwaro yana lalube. Da ɗan tsage a yatsa, shi ke nan. Haka saniya, haka akuya, haka jaki. Jakin da kukansa ya sauya, yana cizon jikinsa ko yana kai wa mai shi hari ba gaira ba dalili, a nisance shi a aiko mana. Duk dabbar da ke zubar da yawu ta kasa haɗiya, hannunku kada ya shiga bakinta.

Maganin abin daga tushe shi ne rigakafin karnukan kansu. In aka yi wa bakwai cikin kowane goma a unguwa, cutar ba ta samun hanyar yawo. Na san wasu za su ce mu Musulmi me ya haɗa mu da kare. To ai muna da su. Suna gadin garke, suna gadin riɗi da dawa a gona lokacin girbi, kuma malamai suna nan, sun fi ni sanin cewa shari'a ta yarda da karen kiwo da na gona da na farauta. Sun kuma san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa. Gargaɗi ɗaya kawai: allurar nan sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yini a kan tebur a kasuwa cikin rana, ko ta kwana a firjin da wuta ta ɗauke, ba abin dogaro ba ce ko da kwalbar sabuwa ce fil.

Sai maganin mutane. Kyanwa ta yi laushi, uwar gida ta tausaya, ta ɓare Panadol ta jiƙa ta ɗura mata. Niyyar kirki ce, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ana kawo mana ita fuska a kumbure, tafin ƙafa a kumbure, tana numfashi sama-sama, in ka ɗaga leɓenta dasashin ya koma ruwan ƙasa maimakon ja. Akwai makari, amma sai an zo cikin sa'o'in farko, kuma sai an gaya mana gaskiyar abin da aka ba ta. Ba za mu yi wa kowa faɗa ba. Ku zo da kwalin ko kwalbar a hannu, ya fi mana dogon bayani.

Mu nan ƙasar noma ce, kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshi. Sai a ga kaska ko ƙuma a jikin dabba a ɗebo a wanke ta da shi. In an riga an yi, kuka ga tana rawar jiki tana zubar da yawu, ku sa leda a hannu ku wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa, sannan ku taho. Ko maganin dabbobin ma ba kowanne ke yi wa kowace dabba ba. Masu karo ku riƙe sunan nan: amitraz. Maganin kaskar shanu ne mai kyau, amma jaki da doki yana tsayar musu da hanji, ciki ya kumbura, kashi ya ƙi fita. Haka permethrin, kare yana ɗauka, kyanwa kuwa farfaɗiya yake sa ta.

Tunda na taɓo jaki, baƙin man mota da ake shafa wa gyambon baya ba ya warkarwa, datti yake kullewa a ciki. A tafasa ruwa rabin lita, a sa gishiri ƙaramin cokali, a bari ya huce, a riƙa wankewa safe da yamma. A gyara shimfiɗar da ke gogar wurin, in ba haka ba gyambon dawowa zai yi. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Ranar da ya ƙi cin abinci, abin ya riga ya yi nisa, kada a ce bari a ga gobe.

Na ƙarshe, ranar yanka, ko layya ko suna. A feɗe rago, a ga wani ƙullutu fari mai ruwa a jikin hanta ko huhu, wani ya kai girman ƙwan kaza. Mahauci ya yanke wurin ya wurga wa kare. A cikin ruwan nan akwai 'ya'yan tsutsa. Su girma a hanjin karen, ƙwansu ya fito a kashinsa, ya manne a gashinsa, ya shiga ƙasar da yara ke wasa da ganyen da ake ci ɗanye. Mutum ya haɗiya, bayan shekaru irin wannan ƙullutun ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, wani sai an yi masa tiyata. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙona. Karen gida kuma a ba shi maganin tsutsa mai suna praziquantel duk bayan wata uku.

A nan wata dattijuwa ta yi tambaya: surukarta na da juna biyu, an ce kyanwa tana jawo ɓari, ko su kore ta?

Inna, Allah ya sauke ta lafiya. Maganar tana da tushe, amma ba sai an kori kyanwa ba. Akwai wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa, in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ɗan. Sai dai kashin ba ya zama haɗari sai ya kwana aƙalla ɗaya. Don haka a riƙa kwashewa kullum, wani ya kwashe ba ita ba, ta riƙa wanke hannu in ta taɓa ƙasa. Shafa kyanwa ba shi ke kawo ta ba. Hanyar da aka fi mantawa ita ce ɗanyen nama. Marara da muke so ranar yanka, ɗanyar hanta da huhu da albasa da yaji, mai ciki ta haƙura da ita har ta haihu, madara kuma a tafasa. Kyanwar ku bar ta, ita ke tsare muku buhunan dawa daga ɓera.

Sanarwa biyu kafin a kira Magariba. Asabar mai zuwa, daga bayan Asuba zuwa hantsi, za mu zo nan gindin darbejiyar ƙofar makaranta da allurar haukan kare a cikin akwatin sanyi. Duk kare ko kyanwa da ya kai wata uku a kawo. Kare da igiya a wuya, babba ya riƙe, kada a turo yaro. Kyanwa a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji. Za a ba kowa kati, a adana shi, domin baɗi za a maimaita, kuma in karenka ya ciji ɗan maƙwabci katin nan za a fara tambaya. Mai unguwa, ina neman alfarmar samari su bi gida-gida kafin ranar su ƙirga mana karnukan unguwa, har da waɗanda ke kwana a bola, don mu san yawan allurar da za mu ɗauko, mu kuma san ko mun kai bakwai cikin goman nan.

Ta biyu, masu karo sun yi kukan cewa lokacin da asibiti ke buɗe shi ne lokacin nemansu. Mun ji. Daga wannan makon, duk ranar Talata za mu zauna har bayan Magariba saboda jakuna. Wanda jakinsa ke da gyambo yanzu haka, ya tsaya a bakin ƙofa in an idar da salla, zan duba shi kafin in wuce. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.