Tsakanin baiko da sa rana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Iyayena maza, iyayena mata da ke bayan labule, ƙannena samari da 'yan mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan shirin biki. Ni kuwa zan tsaya a 'yan makonnin nan da ke tsakanin baiko da sa rana, domin yawancin rigimar da ake kawo mana sulhu, in ka bi sawunta, a nan za ka tarar ta faro.

Magabata sun je, an raba goro da alewa, an ce an ba ka. Daga ranar nan bai halatta wani ya shigo neman yarinyar ba, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya yi nema a kan neman ɗan uwansa. Amma ka sani, ɗana, har yanzu alkawari ne a hannunka. Sai waliyyi ya bayar, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, sannan ta zama matarka. Kafin nan zance a zaure ko a falon gidansu, inda ake ganinku. Iyaye mata, ina roƙonku, kada kalmar "ai mijinta ne" ta sa ku sake.

To, wace ƙofa za a fara bugawa? Ƙofar asibiti. Kafin tela, kafin kafinta, kafin Kantin Kwari. Da so samu ne ma tun kafin baiko za a je, amma in ba a yi ba, kada a sa rana sai sakamako ya fito. A nan Kano ma abin ya zama doka: a shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da rukunin jini na gado, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta.

Bari in ɗan daɗe a kan rukunin jinin nan, don ana yi masa gurguwar fahimta. Idan saurayi AS ne, wato ya gaji rabin irin sikila a jininsa amma shi ba ya ciwon, budurwa ma AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai sikila, wato SS. Ku lura da kalmar: kowane ciki. Wasu suna zaton in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauko. A'a. Ana iya haihuwar uku a jere duk da ita, ana iya haihuwar biyar babu ko ɗaya. Na taɓa raka wani maƙwabcina asibiti da tsakar dare, ɗansa yana kukan ciwon ƙashi, uwar tana riƙe da shi ta rasa inda za ta taɓa. Har yau kukan nan bai fita daga kunnena ba. Fasa aure a lokacin da goro kawai aka ci yana da ciwo, ban musa ba. Amma in an bari sai akwatuna sun shiga gida, an raba kati, an fitar da anko, kunya ce za ta yanke hukunci, kuma kunya ba ta duba takardar likita. Kuma ku je tare, asibitin da gidajen biyu suka yarda da shi, kowa ya ga sakamakon da idonsa.

In an wuce nan lafiya, sai muhalli. Ina za a ajiye yarinyar mutane? Gidan gado ne ko haya? Ɗaki nawa ne? Wannan tambaya ta uban amarya ce, kuma ya yi ta babu nauyin baki, domin da ita zai san kayan ɗakin da zai yi. Sau nawa muka ga an sayi kujeru da gado na ɗaki uku, aka je jere aka tarar ciki da falo ne.

Sai kuɗi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne na zinari, ko dirhami uku na azurfa. Dinari giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Sadakin nan haƙƙin yarinya ne, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta ce a ba mata sadakinsu kyauta da daɗin rai. Walima kuwa, lokacin da Abdurrahman bin Auf ya yi aure, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ce masa ya yi ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Lefe, gara, kamu, dina, duk al'ada ce. Ban ce a zubar da al'ada ba, lefe sutura ce kuma yana faranta ran amarya. Abin da nake so shi ne iyaye mata na gidajen biyu su zauna tun yanzu, su faɗa wa juna gaskiya: akwati kaza za mu iya, gara iyakar ƙarfinmu ke nan. Ango kuma ya ware kuɗin hayar shekara da abincin watannin farko, ya ɗaure su gefe, abin da ya rage shi ne na biki.

Sai bayan duk wannan a zo sa rana. A ƙidaya ta daga abin da ke hannu: yaushe adashi zai fito, yaushe za a sayar da amfanin gona, yaushe yarinya za ta gama jarrabawa. Mai son a yi kafin azumi ya tuna Sha'aban cunkoso ne, teloli da kafintoci duk a cike suke. Kada kuma a ja ta shekara biyu babu dalili, zukata suna gajiya, masu kai gulma kuma ba sa hutu.

An miƙo mini takarda daga wajen mata, ana tambaya: idan an fasa bayan baiko, yaya hukuncin kayan da aka riga aka kai? Tambaya ce mai tsawo, ga ladan kuma ya miƙe. Mu yi sallah, da ita za mu fara in mun dawo, in sha Allah.