Inda Aka Rubuta Sunayen Waɗanda Ba Su Dawo Daga Yaƙin Bama Ba

A ƙauyukan Gumel da Ringim da Bichi, har yau akwai gidajen da in an zauna tarihin dangi sai a ambaci wani kaka da aka ɗauka soja a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane sunansu na nan a sassaƙe jikin dutse, nesa ƙwarai da gida.

Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Ingila, na cikin waɗanda suka yi fama da Japanawa a dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan, kuma a watan Janairun 1945 suka karɓe garin Myohaung. Ba kowa ne ya riƙe bindiga ba; dubbai 'yan dako ne da ke ɗaukar harsasai da abinci a ka, a duwatsun da mota ba ta iya shiga.

Bayan yaƙi, a 1951, aka fara kafa maƙabartar Taukkyan a arewacin birnin Yangon, aka tono gawarwaki daga maƙabartun fagen daga na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw aka tattaro su wuri guda, domin kula da su a warwatse ya yi wuya. Kaburbura fiye da 6,000 ne a wurin. A tsakiyarta kuma akwai dogayen ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. An rubuta jawabin tunawar da Turanci da Bamanci da wasu harsunan Indiya, amma babu Hausa, duk da yawan Hausawan da suka kwanta dama a ƙasar, kuma wannan rashi ne babba.

Wanda zai nemi kakansa sai ya yi haƙuri, domin sau da yawa akawun da ya ɗauki soja yakan rubuta sunan mutum ne haɗe da sunan garinsu, ba na mahaifinsa ba, kuma da rubutun da kunnen Bature ya ji. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sanya sunayen a intanet, kuma lambar soja, idan tana jikin wata tsohuwar lambar yabo da aka adana a adaka, ta fi suna saurin kai mai nema ga abin da yake nema.