Sawun Guduma a Cikin Fitila: Lacca kan Kujeru da Fitilun Birtaniya na Zamani

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da 'yan'uwa kafintoci da masu walda da na hango can baya, sannunku da zuwa.

Yau kujeru da fitilun Birtaniya za mu duba. Ra'ayina a kansu ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun da wuri: adon da ke daɗewa yana riƙe ido shi ne wanda aikin da kansa ya bari a jikin kaya. Wanda aka manna daga baya don jan mai saye, nan da nan ido yake ƙoshi da shi.

Sai mun taɓo tsohuwa kafin sabbin su fahimtu. George Carwardine injiniya ne da ya ƙware a sifirin ɗin mota. A 1932 ya yi rajistar dabarar fitilar da ake kira Anglepoise, kamfanin Herbert Terry na garin Redditch ya karɓi aikin, a 1935 aka fitar da samfurin 1227 mai sifirin uku. Duk inda ka tura kanta, nan za ta tsaya, ba sai ka ɗaure noti ba. Ku dubi hoton da kyau. Sifirin ɗin a fili suke, ba a rufe su da komai ba, kuma su ne kwalliyarta. A 2009 har kan sarki aka buga da hotonta, tare da kujerar roba da Robin Day ya zayyana a 1963.

Jasper Morrison, wani mai zayyana ɗan Birtaniya, ya bi wannan layi har ƙarshensa. Kujerarsa ta Air-Chair, da kamfanin Magis na Italiya ke yi, roba ce guda ɗaya da ake hura wa iskar gas a cikin mazubi, cikinta ya zama fanko, ta yi sauƙin ɗauka. Ba zane, ba fure. Wannan ya isa a kanta.

Inda nake so mu zauna shi ne wajen Tom Dixon. An haife shi a Sfax ta Tunisiya a 1959, ya tashi a Ingila, kuma ba a aji ya koyi wannan sana'a ba. Da walda ya fara, yana haɗa ƙarafan da aka yar yana mayar da su kujeru, kafin ya kafa kamfaninsa a 2002. Fitilunsa na rataye da ake kira Beat sun ɗauko siffarsu daga tukwanen girki da tulunan ruwa na Indiya, kuma maƙeran Moradabad a arewacin Indiya ne ke buga su da hannu. Wadda aka fi sani baƙa ce wuluk daga waje. Cikinta kuwa tagulla ce tsirara, cike da sawun guduma.

To me sawun ke yi? Kowane ɗan lotsawa ƙaramin madubi ne, kuma kowanne ya fuskanci wani ɓangare dabam. Idan hasken ƙwan fitilar ya bugi cikin, sai ya tarwatse, ya ɗebo ruwan ɗorawar tagullar, ya sauko kan tebur da taushi, ba ya kashe ido. Ashe adon aiki yake yi. Wanda ya taɓa riƙe tasar tagulla ta maƙeran Bida ya san abin da nake nufi: hannu ba ya buga guduma sau biyu iri ɗaya, saboda haka ba fitila biyu da suka zama ɗaya sak.

A nan ne kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ba a ɓoye cewa a Indiya ake bugun ba, wannan abin yabo ne. Amma mai saye a Landan sunan mai zayyana ya sani. Mutumin da sawun hannunsa ke haska masa abinci kowane dare, bai san sunansa ba. Haka kasuwar take gaba ɗaya, kuma ku da za ku shiga cikinta, ina so abin ya dame ku.

Wani zai ce, Malam, ashe fenti da launi ba su da ma'ana ke nan? Yinka Ilori ne amsar. Ɗan Landan ne, iyayensa 'yan Nijeriya, Yarbawa. Tsofaffin kujerun da aka zubar yake tsintowa, ya kwance su, ya haɗa bayan wannan da ƙafar waccan, ya shafa musu launuka masu ƙarfi, ya lulluɓe mazaunin da yadi irin na bikin Afirka ta Yamma. A 2015 ya nuna jerin da ya kira If Chairs Could Talk, inda kowace kujera ke wakiltar wani da suka taso tare, an gina su kan karin maganar da ke cewa komai tsawon wuyan raƙumin dawa, ba ya hango gobe. A 2022 gidan Design Museum na Landan ya shirya baje kolin ayyukansa.

Launin Ilori daga baya aka shafa shi, ba musu. Amma ɗinkin da ke tsakanin guntun kujeru biyu a fili yake, kamar sifirin ɗin Carwardine, kuma yara ne da aka haifa tsakanin ƙasa biyu yake ba da labarinsu. Matsalarsa ɗaya: Baturen da bai san karin maganar ba launi kawai zai gani, sai an rubuta masa bayani a gefen kujerar. Fitilar Beat ba ta buƙatar wannan takarda, kunna ta kawai za ka yi.

Bismillah, mai tambaya ya ɗaga hannu.